Ɗakin Suruka

Hamilton, 6 ga Afrilu, 1998

Zuwa ga Mama Effie,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ƙafar nan ta yi sauƙi, sanyi kuma ya fara sakin ku. Ni lafiya lau, sai bayana da ke ciwo, yanzu kuwa za ki ji dalili. Ɗanki Cyril ƙalau yake, ya koma Alberta wajen aikin mai ranar Talata, sai bayan sati shida. Ya ce in kira ki a waya, na ce masa ai ka san kunnen Mama da waya ba sa shiri, ihu kawai za mu yi ta yi wa juna mu ajiye ba wanda ya ji wani. Don haka ga wasiƙa.

Mama, mun sayi gida! Kafin ki yi murna tsaya ki ji irin gidan. Na jan bulo ne, ya kusa shekara casa'in, a unguwar da ake hango hayaƙin masana'antar ƙarfe. Mutumin da ya bar shi ya yi shekara arba'in a ciki bai taɓa buga ƙusa ɗaya ba. Ranar da muka shiga, Cyril ya jingina da bangon kicin, filasta ta zubo masa cikin riga. Rufin yana yoyo a wuri uku, duk tukwanen da aka ba mu na biki suna sama suna tarar ruwa. Na ɓare takardar bango na tarar da wata a ƙarƙashinta, na ɓare wannan na tarar da wata, har hawa biyar, ta ƙarshen mai hoton agwagi. Amma da na ɗaga kafet ɗin falo mai warin nan, sai ga katako mai kyau kwance a ƙasa ba abin da ya same shi. Na zauna a kai na yi ta kuka kamar wata sakarya.

Shirinmu shi ne mu gyara shi da hannunmu a hankali, mu zauna 'yan shekaru, nan gaba in Allah ya hore mana wani sai mu ba da wannan haya. Maƙwabcinmu Gaetano, wani dattijo tsohon magini, ya sauka ƙasan gidan da tocila ya ƙwanƙwasa ko'ina, ya ce tushen ginin garau yake. Ya ce wurin zai ba da ɗakin suruka mai kyau, da kicin ɗinsa da banɗakinsa da ƙofarsa daban ta gefe. Ni da Cyril muka dubi juna muka ce shi za mu fara yi, tun kafin namu ɗakin kwanan. Muna so ya kammala kafin hunturu.

Na san ni da ke ba mu saba doguwar hira ba. Amma ke kika gina gida da Baba Lemuel da hannunku, ni kuwa ko guduma ban iya riƙewa daidai ba. In kina da shawara ina so.

Taki,
Rhonda

*

Hare Cove, 29 ga Afrilu

'Yata Rhonda,

Wasiƙarki ta iso a jirgin ruwan Alhamis. Lafiya lau nake. Ƙafa tana nan yadda kika san ta, ba ta warke ba, ba ta kuma kashe ni ba. Kaji sun fara ƙwai. Gida biyu suka ƙara rufewa a hunturun nan, mutanen sun bi 'ya'yansu. Tun da aka hana kamun kifi haka muke ta raguwa, yanzu gida goma sha ɗaya ne kawai hayaƙi ke tashi a garin nan.

Na karanta wasiƙarki sau uku. Wurin nan na kusa da ƙarshe kuwa na daina ƙirgawa. Ni ba mai magana ba ce, kin sani. Ranar bikinku na ga kina kallona kina jira in ce wani abu, ban ce ba. Ba ƙi ba ne, bakin ne ba ya buɗewa. To yanzu ma haka. Abin da zan iya faɗa shi ne ban zaci wannan daga gare ki ba, kuma Allah ya yi miki albarka.

Kin nemi shawara, ga ta. Kantocin kicin na ɗakin ƙasan, kada ki bari dogon banzan nan Cyril ya kafa su, zai kai su inda sai tsuntsu. Ƙafa huɗu da inci biyu daga ƙasa, kada su wuce. Wurin wanke-wanke ma a sauko da shi. Matakalar a yi mata abin riƙewa hagu da dama. Dokin ƙofa kada ya yi tudu. Banɗaki ba na son kwamin wankan nan mai zurfi da sai mutum ya ɗaga ƙafa kamar zai hau doki, a yi wanda ake shiga a tsaye. Fenti kuma don Allah ba fari ba, fari na asibiti ne. A yi ruwan ɗorawa mai haske, kalar man shanu.

Tagar ɗakin ina take kallo? Ki gaya min.

Takardar bangon, ki jiƙa ta da ruwan zafi ki ba ta lokaci, da kanta za ta saki. Kada ki yi ta kankara da wuƙa kina ɓata bango. In kina ɗaga kaya ki durƙusa, kada ki sunkuya, bayan nan naki guda ɗaya ne.

Ki gai da Cyril, ki ce masa uwarsa tana da rai in ya manta.

Effie Durnford

*

Hamilton, 17 ga Mayu

Maigida sarkin guduwa,

Ya aiki, ya tarin? Ina fata kana shan maganin. Ni lafiya, sai yatsana da na buga da guduma, farcen ya yi baƙi. Ka iya zaɓar lokacin tafiya, ranar da ka bar garin nan bututun banɗaki ya fashe.

Zauna ka ji labari. Mahaifiyarka ta rubuto min shafi biyu cur! Ni, Rhonda, wadda shekara huɗu ba ta taɓa ce min komai ba sai "shayinki ya yi ruwa". Har albarka ta sa min. Ashe abin da take jira ke nan, ta ga mun yi hankali mun sayi gida. Na karanta a cikin motar makarantar da nake tuƙawa bayan na sauke yara, na kusa wuce kwanar gareji.

Ta zubo shawarwari a kan ɗakin ƙasa kamar ita za ta biya magini. Gaetano ya yi ta dariya, wai ɗakin haya fari ake shafa masa a huta, ɗan haya bai damu ba. Na ce masa wannan ne karo na farko da matar nan ta ba ni wani abu, ko shawarar in yi fentin da hanci ce zan bi. Kuma in ɗakin ya dace da tsofaffi ai gara, su ba sa kiɗa.

Ƙanwata ta zo ranar Asabar ta taya ni fitar da shara, tana ta tsokanata wai surukar wa za mu saka a ɗakin suruka. Na ce ke ma kin san suna ne kawai, duk ɗakin hayar da ke ƙasan gida haka ake ce masa, rabin titin nan suna da shi kuma ba suruka ko ɗaya a ciki. Tamu surukar tana can bakin teku, ko da ƙugiya ba a ciro ta.

Ka tuna alkawari. Ɗan haya na shiga, kai kana fitowa daga dajin nan ka dawo ka nemi aiki a nan. Shi ya sa nake kankare bango har hannuna ya yi kanta. Na gaji da auren sati shida-shida.

Matarka mai baƙin farce,
Rhonda

*

Hamilton, 12 ga Yuli

Mama Effie,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya ƙafa, ya kaji? Ki yi haƙuri da jinkiri, tunda aka yi hutun makaranta kullum ina ƙasa daga safe har yamma. Mu duka lafiya. Cyril ya zo ya yi kwana goma, ya gyara rufi, tukwanena sun dawo kicin.

Duk abin da kika ce an yi. Kantoci ƙafa huɗu da inci biyu, ni na auna da kaina, Cyril yana ta mita wai gwiwarsa kawai za ta amfana. Abin riƙewa hagu da dama. Dokin ƙofar Gaetano ya fasa shi ya sake zubawa ya kwanta. Jami'in duba gini ya zo ya ce tagar ta yi ƙanƙanta, dole a faɗaɗa ta yadda mutum zai iya fita in gobara ta tashi. Na ji haushi a ranar, kwana huɗu muna fasa bulo, amma yanzu na gode masa. Gabas take kallo, Mama. Da safe rana tana shigowa har tsakiyar ɗaki, kuma ana ganin bishiyar da ke bayan gidan Gaetano.

Fentin ya yi kyau ƙwarai. Mai shagon ya haɗa sau uku kafin na yarda, har na je masa da man shanu a takarda don ya gani.

Saura ƙofar banɗaki da murhu. Nan da ƙarshen Satumba ɗaki zai zauna yana jiran mai shi kawai.

Taki,
Rhonda

*

Hare Cove, 3 ga Agusta

'Yata,

Na samu, na gode. Lafiya lau. Na ma fi jin ƙarfi bana, har Violet maƙwabciyata tana cewa wai me nake ci.

Gabas ya yi. Ni dama duk rayuwata gabas tagata ke kallo.

To na fara shiri, don ba na son abin gaggawa. Kajin na ba Violet, su takwas da zakara. Dankalin bana zan haƙe in raba, ba zan ajiye iri ba. Ɗan'uwan Lemuel zai zo ya buga katako a tagogi bayan na tafi, ya tsiyaye ruwan bututu kada ƙanƙara ta fasa su. Gidan ba mai saye, wa zai saya a nan? Zai zauna ya yi kallon teku shi kaɗai.

Ranar Lahadi bayan coci na hau tudu wajen kabarin Lemuel na cire masa ciyawa, na gaya masa. Na ce masa matar ɗanka ta yi min abin da ban roƙa ba. Shekara tara ke nan ina kwana ni kaɗai a gidan nan ina jin iska, ban taɓa gaya wa kowa ina tsoron hunturu ba. Bara na faɗi a bakin rumfar itace, na yi awa biyu a ƙasa kafin Violet ta gan ni. Ban gaya wa Cyril ba, ke ma kada ki gaya masa. Yanzu ai ya wuce.

Na sa akwati a jirgi, zai riga ni isowa. Akwai ma'aunin katako na Lemuel mai naɗewa, da dardumar tsumma da na saƙa, ta gaban gado ce, da butar shayina ta ƙarfe. Butar ki ajiye ta a kan murhun, ina so in tarar da ita.

Ina so in taho ƙarshen Oktoba kafin teku ya fara hauka. Ba zan dame ku ba. Ba zan hau sama ba sai an kira ni, kuma ba zan ce komai a kan shayinki ba.

Abu ɗaya. Kyanwata, Kyaftin. Tsoho ne, ba ya ɓarna. In ba hali ki faɗa min gaskiya, Violet za ta riƙe shi.

Effie

*

Hamilton, 14 ga Agusta

Cyril,

Ina fata kana lafiya. Ni ba lafiya ba. Na kira sansaninku sau uku an ce kana can wajen rijiyoyin mai sai Lahadi ta sama, don haka karanta wannan a zaune.

Mama tana tahowa. Tahowa gaba ɗaya, da kyanwa. Ta ɗauka ɗakin suruka ɗakinta ne. Cyril, na shiga uku. Na ɗauko wasiƙunta na baya na sake karantawa, abin yana nan ɓaro-ɓaro tun Afrilu. Ta rubuta "ba na son kwamin wanka mai zurfi". Ba na so, ta ce! Ni kuma ina can ina murna wai ta fara sona saboda na iya sayen gida. Wace irin makauniya ce ni? Ta ba da kajinta. Ta je kabarin Baba ta yi sallama. Akwatinta ya iso jiya, yana nan tsakiyar falo, na kasa buɗewa, in na wuce ta gefensa sai in ji kamar yana kallona.

Ga kuma Desmond, yaron nan na masana'antar ƙarfe da ya ga ɗakin tun ba a yi fenti ba. Na riga na ce masa nasa ne daga ɗaya ga Oktoba, har ya gaya wa mai gidan da yake ciki.

Ka san abin da ke ciki. In ba ɗan haya, ba ka dawowa bana, wataƙila har baɗi. Ba zan yi maka ƙarya ba, da na gama karanta wasiƙar abin da ya fara zuwa min shi ne haushi, na ce shi ke nan an ƙwace min mijina. Bayan nan kunya ta rufe ni har na kasa cin abinci.

Me zan rubuta mata? In ce Mama yi haƙuri, albarkar da kika sa min kuskure ce, karɓi abarki? Na fara wasiƙa huɗu na yayyaga. Uwarka ce, ka faɗi wani abu.

Rhonda

*

Sansani, 23 ga Agusta

Rhonda,

Lafiya lau. Na karanta. Kaina ya kulle. Kada ki rubuta mata komai tukuna, bari in zo mu zauna. An ƙara mana sati shida saboda wani ya karye. Ki ci abinci.

Cyril

*

Hare Cove, 28 ga Satumba

Rhonda,

Ina fata kuna lafiya. Ni lafiya lau.

Sati bakwai jirgi yana zuwa yana komawa ba wasiƙa. Da farko na ce aiki ne ya yi miki yawa. Daga baya na ce ko maganar kyanwa ce ta yi miki nauyi, har na fara lallashin Violet ta karɓe shi.

Sai Sharon 'yar Violet ta zo hutu daga Toronto. Muna zaune a kicin ɗinsu, uwarta ta shiga yi mata burga da ni, wai ga matar da surukarta ta gina wa ɗaki, har sunansa ɗakin suruka. Sharon ta kwashe da dariya. Ta ce ai ita ma a ɗakin suruka take zaune shekara uku, kuma ko aure ba ta taɓa yi ba. Sai ta dubi fuskata ta daina dariyar. Ta yi min bayani a hankali kamar mai yi wa yaro. Na ce mata ai na sani, wasa nake yi wa uwarki. Na shanye shayina na taho gida.

Laifina ne, ba naki ba. Kin rubuta a fili cewa haya za ku bayar, idona ya tsallake ya je ya sauka inda yake so. Mu a nan in an ce rumfar kifi, kifi ne a ciki. In an ce ɗakin raga, raga ce a ciki. Ban san a birni ana sa wa ɗaki sunan wanda ba a nufin ya shiga ba.

Kada ki damu kanki. Dama ni ina zan iya da hayaƙin ƙarfe? Na sa an kawo min itace, zai kai ni Maris. Violet ta ce in karɓi kajina, na ce abin da na bayar na bayar. Na hau tudu na gaya wa Lemuel ina nan.

Ma'aunin ku riƙe, dama na Cyril ne. Dardumar ki shimfiɗa wa ɗan hayar, ƙasan siminti akwai sanyi. Butar kawai nake so in kin sami hali, ba gaggawa, ina tafasa ruwa a tukunya.

Kada ku canza shirinku saboda tsohuwar da ba ta iya karatu ba. In kuka yi haka ba zan yafe ba. Ina so yaron nan ya dawo gida wajen matarsa.

Effie Durnford

*

Hamilton, 9 ga Oktoba

Mama,

Na gaishe ki, in za ki amsa. Jikina lafiya.

Ba zan yi miki ƙarya ba, don kin fi ƙarfin haka. Sharon gaskiya ta faɗa. Ranar da na rubuta kalmar nan, haya nake nufi, ke ko a raina ba ki zo ba. Da na gane kuma sai na yi shiru. Cyril ya ce in jira shi, amma ba zan laɓe a bayansa ba, tsoro ne ya hana ni. Na bar ki sati bakwai kina zuwa bakin jirgi. Wannan ba kuskuren karatu ba ne, nawa ne, kuma ina roƙon ki yafe min.

Yanzu ki ji abin da ya faru. Akwai wani saurayi, Desmond, da na yi wa alkawarin ɗakin. Ya zo ranar da aka gama. Mama, ƙafa shida da inci uku ne. Ya tsaya gaban wurin wanke-wanke sai da ya naɗe biyu. Ya buɗe kanta, tana daidai cibiyarsa. Ya dubi abin riƙewa hagu da dama, ya dubi bango, ya ce, "Madam, tsakani da Allah, wa kuka gina wa ɗakin nan?" Yaron kirki ne, ya ce ba komai zai shiga, a ɗaga masa kantocin kawai. Gaetano ya ce ƙusa huɗu-huɗu ce, aikin rabin yini.

Washegari da safe na sauka da kayan aiki. Na buɗe akwatinki don in ɗauki ma'aunin Baba in auna sabon wuri. Na ɗora shi a bango, ƙafa huɗu da inci biyu, sai na ga a daidai wurin akwai wani ɗan zane da wuƙa a jikin katakon, tsoho, ya yi baƙi. Ashe awon da ya kafa miki kantocinki na can da shi ke nan. Na zauna a ƙasa. Rana ta shigo ta tagar nan ta same ni. Tun Mayu nake gina miki ɗaki, Mama, kowa ya gani, har Desmond, ni kaɗai ce ban sani ba. Ban cire ƙusa ko ɗaya ba.

Na je na ba Desmond haƙuri ido da ido, Gaetano ya samo masa wuri a gidan ɗan ƙanensa, mai dogayen kantoci. Na yi haka kafin wasiƙarki ta iso, tambayi Gaetano in kina so, ranar biyu ga wata ne. Don haka ba tausayin wasiƙarki ba ne, kuma ba ki da abin da za ki ƙi yafewa.

Cyril ya iso ranar Lahadi. Na gaya masa abin da na yi, ya ce zai ƙara shekara a can. Ba zan ce miki ba ya min ciwo ba, yana yi. Amma in na sa baƙo a ɗakin nan, ina sama ina jin iska ina tunanin rumfar itacenki, gidan ba zai zaunu min ba. Ban gaya masa maganar faɗuwar ba, ke za ki faɗa da bakinki.

Buta kuwa ba zan aiko ba. Tana kan murhu inda kika ce. In kina son abarki ki zo ki ɗauka. Kyaftin ya taho, akwai ɓeraye a gareji suna jiran sa.

'Yarki,
Rhonda

*

Hare Cove, 20 ga Oktoba

'Yata Rhonda,

Na amsa gaisuwa. Lafiya lau, ƙafa tana gaishe ki. Na yafe, a bar maganar.

Ke dai ba ki da kunya, ki riƙe wa tsohuwa buta.

Zanen nan na jikin ma'auni, shekarar da muka yi aure ya yi shi. Ya tsayar da ni a bango ya ce in miƙa hannu. Na manta da shi sam sai da kika faɗa. Na ajiye wasiƙar na fita waje na ɗan jima.

Amma ban yarda da tsarinku ba. Ba zan zo in zauna a ƙasa ina cin albarkacin raba mata da miji ba. Ɗakin haya kuka gina, 'yar haya za ku samu. Ina da fanshona na tsufa, a nan ba abin da nake yi da shi sai sayen itace. Ban ce zai kai kuɗin hayar dogon yaron nan ba, amma zai rage wa Cyril watanni, sauran kuma in cike da girki, don na ga hotonki, kin rame. In kin ƙi, ina nan inda nake. Kin san ni.

Sharon ta ce a can mai neman haya takarda yake cikewa. Ba ni da irin ta, na tambaye ta abin da ake tambaya na rubuta tawa.

Suna: Effie Durnford. Shekaru: saba'in da huɗu. Sana'a: na gyara kifi shekara arba'in, yanzu sa ido. Mai gidan da na zauna a baya: mijina, bai taɓa kuka da ni ba, in ma ya yi ban ji ba. Dabba: ɗaya, ya fi ni ladabi. Shan taba: a'a. Kiɗa: a'a. Baƙi: ba na tsammani, sai dai in matar sama ta ga dama ta sauko shan shayi, a koya mata yadda ake yi.

Tsawon zama, Sharon ta ce shekara ɗaya ake rubutawa. Na bar wurin ba komai.

Zan shiga jirgin Alhamis ashirin da tara ga wata, in kwana a hanya, Asabar ina wurinku. Na sake hawa tudu. Lemuel dai ya gaji da ni, sau uku ke nan ina canza masa magana.

Shirinku na haya yana nan, ban rushe shi ba, na ɗan jinkirta shi ne. Ranar da na gama da ɗakin sai ki ɗaga kantocin ki sa dogo, kin ce aikin rabin yini ne. Fentin dai ki bar shi yadda yake.

Ki zuba ruwa a butar.

Surukarki, mai ɗakin ƙasa,
Effie